Zaren da Ke Tsakiyar Bargon Mama

Bazarar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar mahaifiyarmu, Mama Rifkatu, wadda mutanen layinmu a Trikania, nan Kaduna, suka fi sani da Maman Bargo. Shekara bakwai ke nan kuma rabon da yayyena biyu, Yaya Danladi da Anti Saratu, su ce wa juna ko sannu. Shi yana Mahuta, ita tana Gonin Gora, duk tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba. Ni ce auta, ni ke zaune a gidan da aka haife mu, saboda haka ni na zama gidan waya. Kowa ta kaina yake aika wa ɗan'uwansa magana, kuma ba mai daɗi ba.

Abin da ya raba su bai ɓoyu ba. Mama ta sha faɗa a gaban Anti Saratu cewa in ta mutu a kwantar da ita nan Kaduna kusa da Baba. Yaya Danladi kuwa, da yake shi ne babban ɗa, ya bi maganar dattawan ƙauyenmu na Filato, aka sa gawa a mota aka tafi gida. Anti ba ta shiga motar ba. Shi ya ce ta kunyata mu a gaban dangi, ita ta ce ya sace mata uwa. Har yau ban iya cewa ga mai gaskiya ba, na dai san na gaji.

Baba a masaƙa ya yi aiki har aka rufe ta, kuma daga can yake kawo wa Mama ragowar ƙyallayen atamfa a buhu. Ita da ta tashi a garin sanyi ba ta yarda a jefar da ko ƙyalle mai faɗin tafin hannu ba. Takan yayyanka su daidai wa daida, ta harhaɗa su, su zama bargo. Kuma ba ta ɗinki sai a bazara, lokacin da ko kallon bargo mutum ba ya son yi. Maƙwabta kan leƙo su ce, Maman Bargo, a wannan zafin? Sai ta share gumi da bakin zane ta ce tun ran gini ran zane, wanda ya jira sanyi kafin ya nemi allura zai kwana yana rawar ɗari da ƙyalle a hannu.

Keken ɗinkinta ƙarami ne, ba ya ɗaukar babban bargo gaba ɗaya. Don haka rabi biyu take yi, kowane daban, sannan ta haɗa su a tsakiya da dogon ɗinki mai tazara, na riƙon ƙwarya, wanda in ka kama bakin zaren ka ja, shi ke nan sun rabu. Bayan nan sai a shimfiɗa shafi a ƙasa, tsohon bargo a tsakiya, haɗin ƙyallen a sama. A nan ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: dole mutum biyu su zauna, ɗaya a kowane gefe, su ja ya miƙe, ita kuma ta bi da allura. In ɗaya ya sassauta, bargon zai tattare har abada. Yaya da Anti ne masu riƙo tun suna firamare, ni kuwa aikina zura zare. Magana ɗaya Mama ke maimaitawa har ta zame mana waƙa: "Ja ɓangarenka, ya yi sako-sako."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga barguna masu laushi na gwanjo da ake shanyawa a bakin titin Abuja yanzu, mutum ya saya yau ya lulluɓa yau. Na san za ta taɓa, ta juya, ta yaba laushin, sannan ta tambaya ko mai shi ya san rigar waye a ciki. Abin da ban so in yi tunani a kai shi ne me za ta ce game da mu.

Bana ne na buɗe akwatinta, ba don ƙarfin hali ba, sai don na ga gara ta fara gini a bayansa. Barguna uku na tarar ba a ƙarasa ba. Biyu ƙanana ne, na yara, na iya danne gefensu da duwatsun girki na ɗinke ni kaɗai cikin hutun Ista. Wuta ba ta zama, fanka ta zama ado, sai in fito gindin mangwaro in ɗora ƙyallen a cinya, ƙurajen zafi su feso mini har wuya. Gumi yana sa allura santsi, na soki yatsa har na daina kulawa. Amma na ji daɗin aikin, don in na sunkuya ƙamshin akwatinta nake ji.

Na ukun ne ya ɗebo mini rigima. Babba ne, kuma duk gidanmu yana cikinsa: kakin aikin Baba, zanen da Mama ta ɗaura ranar aurenta, ankon zumuntar mata ta coci, har da shuɗin yadin makarantarmu. Rabi biyu ne, zaren riƙon ƙwarya na nan a tsakiya yadda ta bar shi. Wata maƙwabciya ta gan shi a igiya, labari ya kai Mahuta da Gonin Gora a yini ɗaya. Yaya ya bugo ya ce ranar Asabar zai zo ya ɗauka, 'yarsa Na'omi za ta yi aure, da shi za ta tafi ɗakinta. Anti ta bugo ta ce in bargon nan ya fita ta ƙofar gidan a hannunsa, to in san na zaɓa, kuma in cire ta daga cikin 'yan'uwana. Ta ce an ɗauke mata Mama sau ɗaya, ba za a sake ba.

Ranar Asabar da rana tsaka suka iso, kusan tare. Ko ganye ba ya motsi. Na riga na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, na jera shafi da tsohon bargo da haɗin a kai. Yaya ya tsaya daga wajen rijiya, Anti ta tsaya a bakin kicin, kowa ni yake kallo kamar ɗayan ba ya wurin.

"Auta, naɗe mini shi in tafi, ina da miting," in ji Yaya.

"Auta, gaya masa ya gwada," in ji Anti.

Sai Yaya ya ce, "To kawo almakashi. Kowa ya ɗauki rabi a huta."

Na durƙusa na lalubo bakin zaren tsakiya na ɗaga musu. Na ce ba sai da almakashi ba, ai sun fi ni sanin aikin Mama. Ga zare nan, duk mai so ya ja. Kakin Baba zai tafi Mahuta, zanen Mama ya tafi Gonin Gora, kowa ya samu abin da ba zai rufe masa ƙafa ba. Na ce ni dai ba da hannuna ba.

Yaya ya tako ya tsugunna, ya karɓi zaren, ya naɗe shi a yatsa. Na ga ɗinki na farko ya motsa. Anti ta matso har inuwarta ta faɗa kan bargon, gumi na ɗiga daga haɓarta. Can sai Yaya ya warware zaren daga yatsansa a hankali, ya koma gefen da yake zama tun yana yaro, ya zauna da wandon fitarsa a kan tabarma, ya kama bakin bargon da hannu biyu. Anti ta daɗe a tsaye. Da ta ajiye jaka ta zauna a nata gefen, ban ɗaga kai ba, tsoro nake ji kada kallona ya ɓata abin. Na zura zare.

Ba a yi sulhu ranar ba, kada mai karatu ya ɗauka haka. Ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ambaci kabari, kuma har yanzu ba a yanke wanda zai ɗauki bargon ba. Layi biyu kawai na samu na ɗinke kafin hadari ya taso, kuma bargo irin wannan yana cin Asabar da yawa. Mama ba ta bar mana fili ko zinariya ba. Ta bar aikin da mutum ɗaya ba zai iya gamawa ba, kuma yanzu ina zargin ta san 'ya'yan da ta haifa.

Ina tsakiyar layi na biyu ƙyallen ya fara tattarewa a ƙarƙashin allurata. Kafin in buɗe baki, na ji muryar Anti Saratu, ba tare da ta biyo ta kaina ba.

"Yaya, ja ɓangarenka. Ya yi sako-sako."

Ya ja.