Yammacin da na fasa barin Omdurman

Akwai wani yammacin Juma'a a Omdurman da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

Lokacin watana huɗu da barin Potiskum zuwa Sudan karatun haɗa magunguna. Larabcin da na taho da shi daga Islamiyyar unguwar Yerimaram bai kai ni ko'ina a aji ba, na faɗi gwaji biyu a jere, abincinsu kuma ya ƙi bakina. Har na haɗa jakata. Abin da ya rage shi ne yadda zan faɗa wa Baba, wanda ya sayar da shanunsa don in taho.

Bayan la'asar abokin ɗakina, wani Basudane mai yawan raha, ya ja ni dole zuwa bakin kogin Nilu. Mata sun jera kujerun roba suna sayar da shayi da ta'amiyya, wato ƙosansu, arha kamar kyauta. A gefe wasu mutum uku na zaune kan tabarma, ɗaya da garaya irin tasu, ɗaya da ganga, wani dattijo yana waƙa, jama'a na tafi.

Wata tsohuwa ta zuba mana ta'amiyya daga cikin mai. Na kai baki, ta ƙona mini harshe, na ce wash.

"Ci a hankali, ɗana, ba mai korar ka," ta ce da Hausa.

Na tsaya ina kallon ta. "Iya, Hausa kike ji?"

"Da ita aka raine ni. Kai ɗan ina ne?"

Da na ce Potiskum sai ta ajiye matsamin da ke hannunta. Ta ce kakarta 'yar Gadaka ce, can kusa da garinmu, da ƙafa suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan. Ita ba ta taɓa ganin garin ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana noman gero a can.

Dattijon mai waƙa ƙanenta ne. Ta ɗaga murya ta gaya masa, ya sauya kiɗa, ya ɗauko wata tsohuwar waƙar daka irin wadda kakata ke yi a tsakar gida. Hausarsa ta karkace, amma waƙar ce. Na zauna da ƙosai a hannu ina hawaye, abokina bai san me ake faɗa ba, yana ta tafi.

Da za mu tashi Iya ta ce, "Juma'a mai zuwa ka dawo ka ba ni labarin Gadaka." Na yi mata alkawari.

Saboda alkawarin nan na ɗage tafiya mako guda, daga nan wani makon, har na yi shekara biyar na gama. Yau ina shagona a Potiskum, kuma tun da yaƙi ya tarwatsa Omdurman ban sami labarinsu ba.

A wurin Iya na koyi cewa baƙon da ya gaji ba nasiha yake bukata ba. Ya sami mutum ɗaya da ke jiran dawowarsa, ya ishe shi.