Takalman Ƙanwata

Baba ya hana mu zuwa bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyenmu kusa da Kamlin. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Idan muka dawo daga madrasa, sai mu jera takalmanmu a ƙofar ɗaki, ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Lakar tur'a baƙa ce, ba ta ɓuya.

Ranar da ya gan ta a takalmin ƙanwata, kwana uku bai yi mata magana ba. Da ta kawo masa shayi, ni ya duba ya ce, "Karɓi ki ajiye."

Tun daga nan takalmanta fes suke. Baba yana shafa kanta yana sa mata albarka.

Ni kaɗai na san a gindin dalbejiya take cire su, ta gangara ƙafa tsirara. Jiya na ga wandonta jiƙe har gwiwa. Tur'a ta cika, ita kuwa ba ta iya iyo ba. Na buɗe baki zan gaya wa Baba, sai na tuna kwana ukun nan, na yi shiru.