Ƙwanƙwasa a Motar Milutin

Tun kafin a haife ni Milutin ke ɗaukar gawa a ƙauyenmu, kuma ban taɓa ganin ƙazami irinsa ba. Rigarsa warin giya, motarsa warin albasa. Bushin ɗin shokozobarsa na baya, wato 'yar robar nan da ke hana ƙarfe dukan ƙarfe, ya cinye tun ina makaranta. In an yi masa magana sai ya ce, "Fasinjana bai taɓa kai ni ƙara ba." Ya yi ta dariya shi kaɗai.

Ranar da za a binne babana Stanko, mahaifiyata Desanka ta ƙi bin motar a ƙasa. Ta shiga baya ta zauna gefen akwatin gawar, na bi ta. Hanyar maƙabartarmu duwatsu ce zalla. Muna fara hawan tudu sai ga ƙwas, ƙwas, daidai ƙarƙashin akwatin.

"Milutin, tsaya," in ji Mama. "Stanko ne ke ƙwanƙwasawa."

"Mama, motar ce."

"Ke, rufe min baki. Ni za ki koya wa ƙwanƙwasar mijina?"

Milutin ya tsaya, ya zagayo. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kashe maganar. Amma fadan coci na tsaye, rabin ƙauye na kallo, shi kuma ba zai yarda a ce motarsa akwala ce ba. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, Desa, wa ya san ikon Allah?"

Da hannunsa ya ɓalle murfin, a tsakiyar hanya, cikin zafin ranar watan Agusta. Mutane suka ja da baya suna toshe hanci. Mama ba ta toshe ba. Ta dafa kumatun Baba tana kiran sunansa a hankali, tana jira. Sai da ƙanenta ya ɗauke ta cak. Har yau ban manta ba, kuma ba don warin ba.

Sati bai zagayo ba na wuce ta ƙofar gidansa, na tarar da shi kwance ƙarƙashin motar, yana dukan sabon bushin da guduma.

Na ce, "Kawu, ashe kunya ta kama ka?"

Ya leƙo yana share gumi. "Wace kunya, 'yar nan? Aladuna zan kai kasuwa ranar Asabar. Ƙarar nan firgita su take yi, su ƙi cin abinci."