Rawanin da Galadima bai naɗa ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, maza a bas, mata a ƙaramar mota, don tun zuwan Shari'a haka mu 'yan fim muke tafiya. Daura muka nufa, za mu ɗauki fim ɗin barkwanci a kan fadar wani sarkin zamanin da, wanda mu muka ƙirƙiro abinmu. Ni ne Sarki.

Shekara goma sha biyar ina fitowa a Waziri, wani abokina yana Galadima, muna tsiya a fada kan wanda zai zauna kusa da sarki, masu kallo suna dariya har da hawaye. Bara waccan aka ce ɗayanmu zai hau karaga a fim na gaba. Na bi darakta har gida na kai sukar abokina, aka ba ni sarautar. Shi kuwa ya tattara ya koma garinsu Babban Mutum, ko waya ba ta sake haɗa mu ba.

Hanya lafiya lau, gero ya yi kore shar har ya fara fid da kai. A Kazaure muka karya da koko da ƙosai. Matasa suna ta shewa a bayan bas, ni an dasa ni a gaba, wai girmamawa, kusa da direban da ko tari sai ya yi shawara. A Daura suka tsaya ɗaukar hoto a rijiyar Kusugu, ni na samu gindin bedi na sha fura mai kauri, wadda ta fi ta Kano arha da gardi.

A wani ƙauye aka ara mana tsohon zauren mai gari. Ranar farko wani dattijo cikin fadawansa ya ga ina ta zuba zance a kan karaga, ya girgiza kai. Ya ce sarki ba ya surutu, ba ya ƙyalƙyala dariya, amawali yana rufe da bakinsa, kuma ba ya cin abinci a idon jama'a. Darakta ya ji daɗin wannan magana, ya sa biro ya soke kusan duk zantukana.

Kwana uku ina zaune kamar tulu. Sabon Waziri da sabon Galadima suna kokawa a gabana kan wanda zai ɗauki sauran tuwon sarki, na san daidai inda ya kamata a jefa maganar da za ta kwantar da mutane, amma ba dama. Da rana kuma wasa ya zama gaske, sai a kai mini kwanona ƙuryar zaure ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu daga waje. Ga rawani kullum sai ya zame, domin duk tsawon shekarun nan tsohon Galadima, abokina, ne yake naɗa mini. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Rana ta huɗu na cusa rawanin a jaka, na hau motar Baure, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Babban Mutum. Niyyata in roƙi abokina gafara, in dawo da shi, sarautar ma a ba wanda ake so.

Na tarar da shi kan tabarma a ƙofar gida.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar, "sarki da kansa, ba ko dogari?"

Sai a lokacin na lura da hannunsa na dama, yana yashe a kan cinya. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara. Ban sani ba, don ban tambaya ba.

Na ce, "Galadima, ka yafe mini. Ni na kai sukarka."

Ya ce, "Na sani tun ranar. To Waziri, in ba kai sukata ba, wane aiki ka iya?"

Ya yi dariya da rabin baki, ni kuwa hawaye ya ƙwace mini. Ya sa na fito da rawanin, ina naɗawa yana yi mini faɗa, nan ka ja, can ka sassauta, har ya zauna. Ya miƙo hannun hagu ya sauke amawalin daga bakina.

"Haka ya fi. Kai ba a rufe maka baki."

Na koma muka ƙarasa aiki, ranar Asabar muka iso Kano da la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a fadar fim ba mai karaga ne da riba ba, mai abokin faɗa ne. Na gaya wa darakta ya maida ni Waziri, ya kuma yarda. Da ya tambaye ni wa za a sa Galadima, na ce ni dai Galadima ɗaya na sani, yana Babban Mutum.