Hanyar Ruwan da Baba Ya Haƙa a Bama

Akwai wata Juma'a a Thamesmead, unguwarmu a Landan, wadda ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga kaina. Ba wanda ya mutu a ranar, ba wanda ya yi wa wani faɗa. Tsayawa kawai na yi a kan wata 'yar gada, mahaifina yana can zaune yana magana, kuma har yau abin yana ci na.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, can Ringim. Wanda ya tashi a gidajenmu na da ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko da kuskure. "Yaron nan" nake a bakinsa har na fara furfura. In yana da magana da ni, sai ya juya ya faɗa wa na kusa da shi, ni kuma in sunkuyar da kai in tsinta. In ya gyara zama zai yi hira, sai in tashi. Ƙannena su yi ta birgima a kan tabarmarsa, ni kuwa daga gaisuwa sai ficewa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunya ce, kuma na iya ta sosai, har ina jin kaina a kai.

Abin da na sani game da shi bai wuce abin da kowa ya sani a gari ba: yana cikin mazan jiya, ya je yaƙin ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, tun yana saurayi. Sauran tsofaffin sojoji su zauna a ƙofar gida suna ba da labarin harbi da ruwan bama-bamai, shi kuma ya yi shiru yana jan carbi. Akwai ɗaya daga cikinsu da ke tsokanarsa da "sojan shebur," sai Baba ya yi murmushi kawai. Ban taɓa tambayar dalili ba. To wa zan tambaya?

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin ina tuƙin bas a nan Landan, yanar ido ta hana Baba gani. Muka haɗu da ƙannena muka kawo shi, na yi masa booking a wani asibitin ido a Marylebone. Can ne fa aka sha kallo. Likita ya tambaye ni da Turanci, ni ba zan kalli Baba in fassara masa kai tsaye ba, shi ba zai amsa mini ba. Sai da na kira maƙwabcina ya raka mu.

Maƙwabcin nan nawa mutumin Kumasi ne, ɗan zango, mahauci a wani shagon naman halal. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa, kullum ina yi masa tsiya a kai. Shi ma mahaifinsa ya je Bama da sojojin ƙasarsu. Ai kuwa da Baba ya ji haka, sai jininsu ya haɗu. Ya zama bakin Baba a gidana. "Mutumin Kumasi, ka ce wa yaron nan shayin ya yi sanyi." Ina tsaye a gabansu riƙe da butar.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire masa bandeji muka koma gida, ya je ya tsaya a tagar flat ɗinmu, hawa na sama. Duk gine-ginen simintin nan ba su ɗauki hankalinsa ba. Abin da ya zuba wa ido shi ne hanyar ruwan da ta ratsa unguwar, irin wadda masu noman rani a gida ke cewa kanal. Miƙaƙƙiya ce, ruwanta kore, agwagi na yawo a kai. Ya daɗe a tsaye yana kallonta.

Ranar Juma'ar da nake magana, mun sauko daga masallaci mu uku, sai Baba ya ce a bi ta bakin ruwan. Muka kai wani benci ya zauna, mutumin Kumasi ya zauna a gefensa, ni na tsaya a baya kamar yadda na saba.

"Mutumin Kumasi, wa ya haƙa wannan?"

"Council ne, Baba, hukuman unguwa. Da inji."

Baba ya yi dariya. "Da inji. Mu da hannu muka haƙa tamu."

Daga nan ya fara. Ya ce a Bama akwai wasu koguna biyu da ƙasa ta raba, manyan soja suna son jiragen ruwa su riƙa ratsawa da abinci, su kuma kwaso waɗanda aka ji wa rauni, ba sai sun yi dogon zagaye ba. Sai aka ce a tsaga ƙasar a haɗa kogunan. Aka tara su, aka ba su diga da shebur da kwanon ɗaukar ƙasa. Ya ce bindigarsa a jingine ta yi yawancin zamanta. Laka har gwiwa, ruwan sama ba ya ɗaukewa, matsattsaku su manne wa mutum a ƙafa sai ya ga jini ya san suna nan.

Iyakar abin da na ji da kunnena ke nan. Na lura muryarsa ta sake, ya shiga hira ta gaske, har yana kwaikwayon yadda sajansu ke tsawa. Sai jikina ya yi abin da ya saba tun ina yaro. Na ja da baya.

Ina matsawa sai na ji ya ɗaga murya. Na ce a raina, tsufa ne, kunnensa ya yi nauyi bai san yana ihu ba. Na ƙara gaba. Ya ƙara ɗagawa, har wata Baturiya mai yawo da kare ta waiwaya. Ni kuwa, mai tarbiyya, na taka har kan 'yar gadar da ke can gaba, inda iska ke kwashe maganar. Na jingina da ƙarfe ina kallon wani keken zuba sayayya na kanti da aka jefa cikin ruwan. Daga can ina hango Baba yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wani abu a kan kowane yatsa. Mutumin Kumasi ya yafito ni da hannu. Na girgiza masa kai, har da murmushi. Wai ni zai koya wa zama da uba.

Da suka gama na dawo. Baba ya miƙe da kyar, bai kalle ni ba. Ya ce wa mutumin Kumasi, "Yaron nan akwai kunya. An yi masa tarbiyya." Wallahi daɗi na ji. A ranar har na ba matata labari, na ce yau Baba ya yabe ni.

Ba a daɗe ba ya koma gida. Kafin shekara ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Bayan na dawo daga zaman makoki, mutumin Kumasi ya shigo yi mini ta'aziyya. Muka yi addu'a muka shafa. Sai ya ce, "To Direba, yanzu wa ke yi ma mutanen Baba addu'an?"

Na ce, "Waɗanne mutane?"

Ya ga da gaske ban sani ba. Sannan ya ba ni sauran labarin da na guje wa. Wata rana suna cikin rami, gaɓar da suka haƙa ta jiƙe ta rufto a kan wasu daga cikinsu. Da hannu suka tono su, amma rai ya yi halinsa. Wasu kuma zazzaɓi da gudawa suka kwashe. Babu likkafani, a barguna aka naɗe su, aka binne su a gefen hanyar ruwan. Baba ne ya sallace su, don shi ne mai ɗan karatu a cikinsu. Ya san ba wanda zai je garuruwansu ya nuna kabarinsu, kuma a gida ba a ba da labarin wanda ya mutu riƙe da shebur. Sai ya ɗaukar musu alkawari: duk Juma'a zai kira sunan kowannensu ya roƙa masa gafara. Bai taɓa fashi ba tun daga ranar. Sunayen ne yake lanƙwasa wa yatsu a kan bencin.

"Maganan nan ba nawa ba ne, Direba," in ji mutumin Kumasi. "Naka ne. Ya ce ɗan fari ke ɗaukan kayan uba. Ni bango ne kawai yake bugawa don kai ka ji. Kana tafiya yana ɗaga murya, kana tafiya yana ɗaga murya. Da ka hau gadan nan, ya gama sunayen duk da haka, ko iska zai kai maka."

Na ce, "Faɗa mini su yanzu."

Ya dafe kai. Sau ɗaya ya ji su, kuma bai sa kansa riƙewa ba, don a zatonsa ina da su tun daga gida. Ya tuna akwai wani Bazazzagi. Akwai wani bahago da ke rera musu waƙa in suna haƙa. Akwai wasu biyu wa da ƙane. Suna kuwa ko ɗaya bai zauna masa ba. Na fusata, na ce don me bai zo ya jawo ni ba? Ya ce, "Na kira ka, ka yi mini dariya." Gaskiya ya faɗa.

Na buga wa ƙannena waya ɗaya bayan ɗaya. Su da suka girma a kan tabarmarsa, ba wanda ya taɓa jin labarin. Sun dai san in an sauko Juma'a yakan daɗe a zaune yana motsa baki. Ashe ni ya ajiye wa, shekara da shekaru, yana jiran ranar da zai samu wanda zai tsaya a tsakaninmu. Ya samu, a ƙasar da ba tamu ba, idonsa ya buɗe, ga ruwa a gabansa ya tuno masa. Ya yi iyakar abin da kunyarsa ta bar shi ya yi, ni ma na yi abin da tawa ta koya mini. Mutanen nan kuwa suka tafi a tsakani, kuma wannan baƙin cikin ba zai bar ni ba.

Ban san ko hanyar ruwan tana nan ba, ko daji ya cinye ta. Har yanzu in an sauko Juma'a nakan bi ta wurin bencin in zauna. In ce, Allah ka ji ƙan Bazazzagin, da bahagon, da wa da ƙane, da sauran da Baba ya sallata, kai ka san sunayensu. Nakan lanƙwasa yatsuna kamar yadda ya yi, amma ko hannu ɗaya ba na cikawa.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ba a yin ta a inda za a yi asarar amana. In tsoho ya ɗaga murya alhali ba faɗa yake ba, ka matso kusa, ko da al'ada ta ce ka tashi. 'Yata ta fari, wadda aka haifa a nan, da sunanta nake kiranta. Rannan na kai ta wurin bencin, ta tsaya a gefe tana latsa waya. Na ce, "Zo ki zauna nan, da ke nake." Ta amsa mini da Turanci, amma ta zo ta zauna.