Fentin da Na Shafa wa Jitar Malam

Me ya hana Malam yi mini faɗa ranar nan? Shekara uku ke nan da rasuwarsa ina tambayar kaina. Mutumin da ke ɗaga murya in an gusar masa da zarto, ranar da na ɓata masa aikin shekara biyu ko tsaki bai yi ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, inda maganar ta yanke kuka ne ya tare ni.

Mijina kafinta ne a nan Funtua, ƙofofi da gadaje yake yi. Kafin aurenmu ya yi leburanci a injin gurzar auduga. A lokacin ne wani mawaƙi da ya yi suna ya zo daga ƙetare zai yi wasa a gidan sinima, aka ɗebi samari su sauke kaya. Malam aka miƙa wa jitar mutumin, ta lantarki, ja, ya ɗauke ta daga bakin mota zuwa dandamali. Tafiyar ba ta fi daga ɗakina zuwa rijiya ba. Amma na sha labarin nan har na iya shi, ina rigan shi ƙarasawa.

Da ya tsufa ya bar shago, sai ya ce zai ƙera irinta sak. Bai iya kaɗawa ba, bai kuma ce zai koya ba. Na ce masa tsofai-tsofai da shi, sa'anninsa na sahun gaba a masallaci shi yana sassaƙa kayan kiɗa. Ya ce ai shi ma yana sahun gaban, kuma bai taɓa jin katako ya karya wa wani alwala ba.

Yana da wani fallen maɗaci da ya sayo a Maska tun yaranmu na ƙanana, shi ya fiddo. Abin da yake kallo kuwa hoton mawaƙin ne riƙe da jitar a kwalin wani tsohon faifan waƙa, marar launi, duk ya koɗe. Da tafin hannun mawaƙin yake awo, ya gwada da nasa. Wuyan jitar na farko da ya yi damina ta lanƙwasa shi, ya jefa mini a murhu ya sake wani. Amininsa mai gyaran rediyo ya kawo masa tsirkiya da maganaɗisu daga Kano. Fenti sau uku yana haɗawa yana zubarwa, don jan a kansa kawai yake. Ranar da ya dace ya kira ni zaure. Jitar tana ta sheƙi har ina ganin fuskata. Na ce to alhamdu lillahi, an gama. Ya ce da saura.

Daga nan ya riƙa turo ƙofar zaure in ya shiga. Ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi na yi masa wuya. Da kaka ta kama aka kwantar da shi asibiti a Malumfashi, inda babbar 'yarmu ke aure. Bayan kwana shida ta ce in koma gida in ga masarar da ake kawowa daga gona, ita za ta zauna da shi.

Na shiga zaure shara, na ɗaga zanen da ya rufa wa jitar. Daga gefen sama fentin ya goge, wuri kamar tafin hannu, katakon ya yi duhu kamar dauɗa. Ƙarƙashin tsirkiya kuma duk ƙarce ne. Na ɗauka suɓuce masa ta yi da hannunsa ya yi rauni, ya ji kunyar faɗa mini. A hoton ma akwai fari-fari a wurin, amma ni hasken fitila na zata. Na tarar da sauran fenti a gwangwani. Ni da kowace Sallah ke shafe ɗakina da kaina, na ce wannan ba zai gagare ni ba. Na yi shafi biyu da tsumma mai laushi, na bar ta ta bushe. Har daɗi na ji.

Da aka sallamo shi, ni na kai masa ita kan tabarma. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya shafa wurin. Sai ya ce, “Sannu da aiki, Hajiya.” Ya nemi ruwa.

Mai gyaran rediyo ne ya gaya mini gaskiya da ya zo dubiya, muna tsaye a bakin ƙofa. Wurin nan, in ji shi, nan ne damtsen mawaƙin ya cinye fenti saboda shekarun kiɗa. Nan hannun Malam ya sauka ranar da ya ɗauke ta, ya ji shi sumul kamar mariƙin muciya, kuma shi ya fi tunawa a duk jitar. Ya fi wata guda yana goga wurin da toka da man shanu da nasa damtsen, kaɗan-kaɗan, don kada ya zama kamar da gangan aka yi.

Na durƙusa na roƙi gafara. Ya tambaye ni ko masarar ta bushe. Na sake roƙo, ya ce a rufe rumbu da kyau saboda gara. Da ya zage ni da na samu inda zan ajiye abin.

Hannunsa ba ya ɗaguwa a lokacin. Na fasa kwalba kamar yadda na ga yana yi in zai kankare katako, na riƙa zama gefen tabarmarsa bayan la'asar da jitar a cinyata. Fentina ya yi kauri, ya kama. In na danna sai in ci katako, in na sassauta ba ya fita. Ban ma san iyakar wurin ba, don na rufe shi ruf. Shi dai yana kallo, bai hana ba, bai sa ni ba. Kwana huɗu muna haka.

Jitar tana nan rataye a ɗakina yadda na bar ta, ba a taɓa jona ta da wuta ba. Da na fita takaba yara sun ce za su kai a ƙarasa, na hana. Wa ya san wurin in ba shi ba?

A rana ta biyar ta zaman nan namu ina kankara hawaye na ɗiga kan fentin. Na ji ya motsa. Bayan abin da ya faɗa a wannan yammaci bai ƙara yi mini magana ba, washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Na kai kunnena kusa da bakinsa, idonsa na kan hannuna.

“Ba nan ba ne, Hajiya. Yi ƙasa kaɗan.”