Amalanken da Baban Amina Ya Ƙera Mini

"Ba lantarki, ba batir, gravity kawai, nauyi ne zai ja shi!" in ji maigidana Baban Amina, yana nuna mini amalanken da ya ƙera a falon gidanmu da ke unguwar Glenwood.

A shekarun alif ɗari tara da casa'in ne, yana karatun injiniya. Ni kuwa ga tsohon ciki, shi ya sa na roƙe shi ya riƙa ɗaukar mini kwandon wanki.

Maimakon ya ɗauka, sai ya ƙera amalanken da zai ɗauki kwandon, ya rataya masa bulon siminti da igiya. Bulon na saukowa, tayoyi na juyawa.

Na ce, "To wa zai mayar da bulon sama?"

Ya ce, "Ke mana, ai ni ina lab a makaranta."

Wallahi bulon ya fi kwandon nauyi.

Mata, wace wahala mazajenku suka taɓa sha don kada su taya ku aiki?